Muryar Inna ta fara dushewa, mu hana ta zuwa yi wa tsofaffi waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Jidda muke zaune. Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma tun tana budurwa take amada da kiɗan ƙwarya a bukukuwan mata. Da ta bar zuwa biki sai ta koma ziyartar tsofaffin matanmu da ke zaune a ribaɗi, wato gidan sadaka da ake zaunar da mabuƙata, waɗanda ba su da kowa, tana yi musu waƙoƙin gida sau uku a mako. Yau wajen wata biyu ke nan muryarta a dushe, numfashi ba ya kai ta ƙarshen baiti, in ta dawo gida kuma a gajiye liƙis. Yayyena sun ce ta haƙura haka nan. Ita kuwa da an ɗauko zancen sai hawaye. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka mata da alheri.

Kafin a yi maganar ragewa ko dainawa, a kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Dushewar murya da ta wuce mako 4 ba a cewa tsufa ne sai an leƙa an gani. Siririyar na'ura ce mai kyamara ake zurawa ta hanci, cikin 'yan mintoci an gama. Na san zuwa asibiti a nan ba kowa yake zo wa da sauƙi ba, musamman in akwai matsalar igama (takardar izinin zama) ko inshora, amma wannan gwajin ya cancanci a yi masa karo-karo. Idan kuwa haɗiyar abinci na yi mata wuya, ko tana tofar da jini, ko tana ramewa, ko akwai kumburi a wuya, kada a jira ko kwana biyu.

Idan aka duba ba a ga wani ciwo ba, to abin da ke faruwa sananne ne. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan namomi biyu da ke haɗuwa su yi rawa in iska ta fito daga huhu, a muryar mace wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Da girma ya kama, sai su sirance, ba sa rufuwa ruf, iska ta riƙa sulalewa ta tsakaninsu. Shi ya sa numfashi ke ƙare mata kafin baitin ya ƙare, sai ta matsa wuya don ta cike giɓin, matsin kuma ya ƙara dusar da muryar. Ga huhu ma ƙarfinsa ya ragu. In jin kunne ya fara rauni, mutum yana ɗaga murya bai sani ba, don haka a auna kunnenta a zuwa ɗaya.

Ban goyi bayan yayyenki ba. Waɗannan namomin tsoka ce a cikinsu, kuma tsokar da aka ajiye ba aiki ƙara lalacewa take yi. Tsohuwar da aka hana waƙa aka zaunar a ɗaki, murya da zuciya duka za su yi sanyi. Ragewa ake so, da dabara.

Sau uku a mako ya koma sau ɗaya, a rana tsayayya wadda matan ribaɗin za su sani su riƙa jira. Zaman waƙar kada ya wuce minti 20 zuwa 30, da hutu a tsakiya a kurɓi ruwa. Ta sauke muryar ƙasa, ta daina kamo saman da take kamowa tana da shekara 30. Ku saya mata ƙaramar lasifika, don gasa da ƙarar ƙwarya yana cin muryar masu amada. Kiɗan ma ta sakar wa wata jika ko almajirarta, ita ta zauna a kujera mai jingina, ba a tabarma a duƙe ba, saboda duƙawa na matse huhu.

Babban sauƙin da take da shi kuwa yana cikin waƙar Hausa kanta: amshi. Ta ba da baiti, tsofaffin su karɓa, ita ta huta. Wannan ya ma fi yi musu amfani. Masu rikicewar tsufa sukan manta sunan ɗan da suka haifa, amma waƙar da suka koya da ƙuruciya tana daɗewa ba ta goge ba. Sai ki ga tsohuwar da ta wuni ba ta ce uffan ba, an ɗauko waƙar gaɗa ko ta niƙa, leɓɓanta sun fara motsi, yatsunta na buga gefen katifa. Wadda ta baro Kano ko Sakkwato tun tana yarinya, ta tsufa a Jidda, ba zaƙin murya take nema ba, harshenta take so ta ji a bakin wadda ta san shi. Saboda haka Inna ta bar wahalar sababbin waƙoƙi, ta riƙe tsofaffin.

A gida kuma a kula da 'yan abubuwa. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busar da maƙogwaro, kada iskarsa ta riƙa dukanta kai tsaye, ta kuma yawaita kurɓar ruwa. Turaren wuta a ɗaki rufe, a ranar waƙa dai a haƙura da shi. Idan tana fama da ƙwannafi, ta bar kwanciya sai bayan awa 3 da cin abincin dare, ta rage gahawa da yaji. Yawan gyaran murya da yin raɗa duka suna gajiyar da maƙogwaro. Wasu magungunan hawan jini suna kawo busasshen tari, wasu na feshin asma suna dusar da murya. A tafi da kwalayen likita ya gani, amma kada ta daina sha da kanta. Kafin ta fita, ta sa tsinken shan lemo a kofin ruwa ta riƙa hura iska tana gunji a hankali na minti 3 zuwa 5, yana sassauta wuya ƙwarai.

Wajen faɗa mata kuwa, kada ku taru a kanta kamar an yanke hukunci. Ke ki zauna da ita, ki bar ta ta zaɓi ranar da za ta riƙa zuwa da yarinyar da za ta riƙe mata ƙwarya, sannan ki raka ta zuwan farko ta sanar da matan sabon tsarin da bakinta.