Zama da Mai Zafin Rai a Majalisar Masu Zane: Amsa Daga Paris

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa na gida lafiya, ga amsar tambayarka. Ka ce ka ji labarin cewa a nan Paris, cikin masu zane da marubutan da suka ƙi bin tsohuwar hanya, mugun hali ba aibu ba ne, har ana ɗaukarsa alamar baiwa, kuma kana mamakin yadda ake zama da irin waɗannan mutane zumunci bai lalace ba. To ai yana lalacewa. Bambancinmu da su shi ne su ba sa jin kunyar lalacewarsa, har bugawa suke yi a takarda kowa ya karanta. Sana'ata ta yi wa zane katako da rataya shi a gidajen nuni ta sa na daɗe ina jin hirarsu, kuma duk sanda aka zo kan mai wuyar sha'ani, sunan André Breton ne yake fara fitowa.

An haife shi a 1896. Karatun likita ya fara, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a asibitocin soja, har da na masu taɓin hankali. A 1924 ya fitar da takardar da ta kafa tafiyar 'yan Suriyalis, matasan da suka ce hankali da tsarin da Turai take taƙama da su ne suka jefa ta cikin yaƙi, don haka a koma ga mafarki da abin da zuciya take ɓoyewa. Shi marubuci ne, amma masu zane suka kewaye shi: Max Ernst, Joan Miró, André Masson, daga baya René Magritte da Salvador Dalí da Alberto Giacometti. Kullum suna haɗuwa a gidan gahawa na Cyrano da ke dandalin Blanche, 'yan taku kaɗan daga gidansa mai lamba 42 a titin Fontaine. Ka san majalisar attajiri a gida, wadda in ka kwana biyu ba ka leƙa ba za a fara cewa ko akwai wata a ƙasa? Haka tasu take, sai dai su ba sa aiko yaro ya dubo lafiyarka.

Tun kafin a kafa tafiyar halinsa ya bayyana. A watan Yuli na 1923, abokinsa na da, Tristan Tzara, ya shirya wasa a gidan wasan Michel. Breton ya haye dandamali ana tsaka da taro, ya karya hannun wani marubuci, Pierre de Massot, da sandarsa. Sai da 'yan sanda suka fitar da shi. A wajenmu wanda ya yi haka sai ya shekara yana sunkuyar da kai. Shi kuwa bayan shekara ɗaya ya zama jagora.

Daga nan kora ta zama al'ada. A 1926 aka kori Antonin Artaud da Philippe Soupault. Soupault ɗin nan shi ne suka zauna da Breton a 1919 suka yi rubutun da ake ɗauka tushen tafiyar baki ɗaya, kuma laifinsa bai wuce aikin jarida da rubuta littattafan labari don ya ci abinci ba. A wajen Breton, neman kuɗi da alƙalami cin amana ne. A ƙarshen 1929 kuma, a wani taron dare, ya hango sarƙar gicciye a wuyan Georgette, matar Magritte, ya nemi ta cire. Mijin da matar suka tashi suka fita, kuma a 1930 suka tattara suka koma Beljiyam. Dubi wannan da kyau: mutumin da yake kiran a 'yantar da zuciya daga kowace doka, shi ne bai iya haƙuri da abin wuyan matar abokinsa ba.

A watan Disamba na 1929 ɗin nan Breton ya fitar da takardar tafiyar ta biyu, inda ya bi tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya da suna yana ci musu mutunci. Su ma ba su kai ƙara wajen kowa ba. A Janairun 1930 mutum 12, cikinsu har da Georges Bataille, Robert Desnos, Jacques Prévert, Raymond Queneau da Michel Leiris, suka buga tasu takardar, da hotonsa ido rufe, an ɗora masa kambin ƙaya, suna kiransa gawa. Abin dariyar shi ne dabararsa ce suka ara, domin irin wannan takarda shi da mutanensa suka yi wa marubuci Anatole France da ya mutu a 1924.

Wanda ya fi ƙarfinsa shi ne Dalí, saboda shi ma gwanin rigima ne. A Fabrairun 1934 aka kira shi gidan Breton don a yi masa shari'a, kan yadda yake ta maganar Hitler cikin sha'awa da kuma wani zane da ya wulaƙanta Lenin, jagoran juyin juya halin Kwaminis na Rasha, a ciki. A nan kam ina ganin Breton yana da hujja. Amma Dalí ya zo da ma'aunin zafin jiki a baki, wai ba shi da lafiya, ya jibga rigunan sanyi yana tuɓe su ɗaya-ɗaya ana cikin tuhumarsa, har zaman ya koma wasan kwaikwayo. Ba su rabu ƙwarai ba sai 1939, kuma daga baya Breton ya laƙaba masa sunan mai kwaɗayin dala.

Yanzu ga ainihin tambayarka: me ya sa suka jure shi? Masu son kawata labari za su ce maka baiwa. Ni na ce ƙofa ce a hannunsa. Shi ke da mujalla, shi ke cewa wane zai shiga nuni, shi ke rubuta gabatarwar da za ta sa a san sunan yaron da ba a taɓa ji ba, kuma ya san masu saye. Shi ne ya shawo kan attajirin nan mai ɗinki, Jacques Doucet, ya sayi babban zanen Picasso na 1907 da ya shekara da shekaru a ɗakin aikinsa. Matashin da ya sauka Paris ba shi da ko sisi, in Breton ya yaba masa, ya samu shiga. Kuma a yi masa adalci, idonsa na gane aiki. A 1941, kan hanyarsa ta gudun hijira zuwa Amurka, ya tsaya a tsibirin Matinik, ya ci karo da rubutun Aimé Césaire, marubucin waƙoƙi ɗan tsibirin, a wata mujalla cikin kanti, ya nemo shi, ya tallata shi. Taurin kan nan ne kuma ya sa a 1925 suka fito suka soki yaƙin da Faransa take yi da mutanen Rif a Maroko, a 1931 kuma suka raba takarda suna cewa kada kowa ya je baje kolin mulkin mallaka na Vincennes, lokacin da miliyoyi suke tururuwar zuwa kallon 'yan Afirka. Wannan ya sa ba na iya zaginsa baki ɗaya.

Sai dai kada a ce maka zafin ran ne ya haifi aikin. Miró yana cikinsu, mutum ne shiru-shiru, yakan zauna a ƙare taro bai ce uffan ba, kuma aikinsa bai gaza na kowa ba. Giacometti, da suka juya masa baya wajen 1935 don kawai ya koma zaunar da mutum a gabansa yana ƙera kansa yadda yake ganinsa, bayan rabuwar ne ya yi dogayen mutum-mutumin nan sirara da duniya ta san shi da su. Prévert da Queneau ma sunansu bayan fita ya yi nisa. Masu ƙarfi kora ta zame musu alheri.

Marasa ƙarfi fa? A Yunin 1935 ana shirin babban taron marubuta a Paris, Breton ya haɗu da Ilya Ehrenburg, marubucin Tarayyar Sobiyet da ya taɓa zaginsu a rubuce, ya sharara masa mari a titi. Aka hana shi magana a taron. René Crevel, wanda yake ɗan Kwaminis kuma yana ƙaunar Breton, ya yi ta kai da kawo don a sasanta, abin ya ci tura. A tsakanin nan kuma ya sami labarin tarin fukansa ya dawo. Ya kashe kansa yana ɗan shekara 34. Ba wanda zai ɗora wa mutum ɗaya wannan, amma ka ga halin mai shiga tsakani a inda ba a san darajar shiga tsakani ba.

Nan ne, a ganina, bambancin yake. Mu ko a nan Paris, in biyu suka ɓata, akwai dattijon da zai kira su, akwai suna da jana'iza da sallar Idi da dole su haɗa kafaɗa, akwai surukuta da ta sarƙe kowa da kowa. Su kuwa ra'ayi kaɗai ya haɗa su, kuma babu wani babba sama da jagora. In ra'ayi ya saɓa, ba sauran igiya. Marubucin waƙoƙi Paul Éluard aminin Breton ne na kusan shekara 20. A 1938 Breton ya dawo daga Meziko inda ya gana da Trotsky, babban abokin hamayyar gwamnatin Sobiyet da 'yan Kwaminis suke bi, ya tarar Éluard yana ba mujallar 'yan Kwaminis waƙoƙinsa, ya nemi kowa ya juya masa baya. Ernst ya ƙi, ya fita. Har Éluard ya mutu a 1952 ba su shirya ba. Ernst kuwa ya dawo, aka sake korarsa saboda ya karɓi babbar kyautar nunin Venice ta 1954. A 1946 dai Breton ya rubuta cewa wasu hukunce-hukuncensa na 1929 an yi su da gaggawa. Iyakar ban haƙurin ke nan, shi ma a gabatarwar littafi.

Ya mutu a 1966, tafiyar kuma ta watse a 1969. A 2003 aka yi gwanjon kayan gidansa, bango guda na ɗakin aikinsa ya koma hannun cibiyar Pompidou, babban gidan nunin zane a nan Paris.

Yau ba a zaman shari'a a gidan kowa, domin ƙofar ta bar hannun jagora ta koma hannun masu gidajen nuni da masu shirya baje koli. Mai zafin ran da zanensa yake ciniki ana lallaɓa shi, ana ce wa halinsa tsananin kishin aiki. Wanda ba ya ciniki ba a ce masa komai, katin gayyata ne kawai yake daina zuwa. Zafin kuwa kan na ƙasa yake sauka, mataimaka da masu ɗaukar kaya da irinmu masu rataya. Akwai wanda ya sa muka sauke nuni guda daren buɗewa don hasken fitila bai yi masa ba, ya bi mu da faɗa, washegari kuma ya rungume mu a gaban baƙi yana kiranmu 'yan uwansa. Mai gidan nunin ya biya mu kuɗin aikin dare, kuma bana ma ya sake gayyatarsa.