Ki bar zagayen sallama tukuna, amma akwai waɗanda ba a ɓoye wa

Uwata, na ga saƙonki tun daren jiya, na bari ne sai da na idar da asuba na samu natsuwa don maganar tana da tsawo. Kin ce mamanki ta ce ki ja bakinki ki yi shiru kar kowa ya ji kina karatun jarrabawar likitoci ta Amurka saboda baki, shi kuma babanki ya ce ba a haka a gidanmu, ki hau mota daga Abuja ki zo Jos ki zagaya dangi, kina tambaya wanne ne al'adar. Toh duka biyun al'ada ce, lokacinsu ne ba ɗaya ba, kuma ƙanin nawa ya yi gaggawa, wannan kam ni zan faɗa masa da bakina.

Mu da muka taso a Gangare, sallama ba a yinta sai tafiya ta tabbata. Ko maniyyaci ba ya fara bin gidaje yana neman gafara don kawai ya fara ajiyar kuɗin kujera, sai an ce ga jirginsu ga rana. Ke kuma yanzu ina kike? Step 1, matakin farko na jarrabawar, ko zama baki yi ba. Na ga yadda yayanki ya bi wannan hanyar a gabana, ni ce mai kai masa shayi ɗaki, don haka ba labari nake ba ki ba. Step 1 wuni guda ne cur, awa 8 kina gaban kwamfuta, kuma tun 2022 ba a ba da maki, ci ko faɗuwa kawai, shi yasa duk nauyin ya koma kan mataki na biyu, Step 2 CK mai awa 9, nan ne asibitoci ke duba makinki su ga ko za su kira ki intabiyu, kuma idan kika ci da ƙaramin maki ba a sake zama don a gyara, ya zauna kenan. Sai jarrabawar Turanci ta OET, sai ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, su tuntuɓi makarantarki ta Sudan su tabbatar da takardunki kafin su ba ki satifiket, kuma kin san halin da ƙasar ta shiga tun yaƙin Afrilun 2023, wannan kaɗai ya isa ya ja lokaci. Bayan duk wannan a watan Satumba a tura takardun neman gurbin horo a asibiti, a yi ta intabiyu har cikin sanyi, sai watan Maris a yi rabon da suke kira Match, ranar Litinin a gaya miki kin samu ko baki samu ba, ranar Juma'a ki ji wane gari aka jefa ki. A cikin likitocin da ba 'yan ƙasar ba kuma ba can suka yi karatu ba, wajen huɗu cikin goma ba sa samu, mutanen da sun ci jarrabawar duka fa. Wanda ya samu ma biza na gabansa, aiki kuma sai farkon Yuli. Kinga ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Akwai wani yaro a nan wajen Anguwan Rogo, shi ta Ingila ya bi. Yana cin PLAB 1, kashin farko na jarrabawar likitoci ta can, iyayensa suka yanka rago, aka yi walima aka raba waina har gidanmu, alhali PLAB 2 a Manchester ake yi, sai ka samu gurbin zama ka samu bizar zuwa, kuma ko ka ci rajista da GMC, hukumar likitocinsu, kawai ka samu, aiki daban zaka nema. Abin ya ja. Yaron nan ya koma in ya fito sallar magariba sai an ce likitan Landan har yanzu kana nan, mai shago ya tambaya, mai wanki ya tambaya, har ya daina salla a masallacin layinsu. Babu wanda ya yi masa asiri, tambaya ce kawai ta hana shi sakat. Ni a aikin nas ɗin da na yi har na yi ritaya abin da na fi gani da idona kenan in ana maganar baki. Ban ce babu hassada ba, ai Annabi Yaƙub da kansa ya ce wa Annabi Yusuf kar ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, mamanki tana da madogara. Ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma ki ci gaba da karatu, kar kuma ki sa hoton littattafai a status, wannan ɗabi'ar taku ta 'yan zamani ban san amfaninta ba.

Amma inda zan rabu da mamanki, shirun nan ba ya hawa kan kowa da kowa. Neman izini da albarka daban, sallama daban. Baffanki babba shi ne waliyyinki, shi zai ba da aurenki, in ya ji a bakin wani cewa 'yar gidansa na shirin barin ƙasa wallahi ba ke za a zarga ba, babanki za a ce ya raina yayansa, kuma irin wannan ɓacin ran a gidanmu yana daɗewa. Shi da ƙafa ake zuwa masa, ba waya ba, ba kuma saƙon murya ba. Ki samu ƙarshen satin da ba kya kan aiki ki zo, ki sa babban mayafi, ki riƙe goro da turare, ki durƙusa ki gaishe shi, ki bar babanki ya buɗe maganar ke kina ƙasa, in ya tambaye ki sannan ki yi bayani. Kar ki ce zan tafi, ki ce ina neman izini in gwada. Zai tambaye ki abu biyu, na san shi, wa zai riƙe ki a can, kuma zaki dawo? Ki amsa da gaskiya. Yawancin masu zuwa horon da bizar J-1 suke tafiya, sai ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ba da takardar cewa ƙasa na buƙatar fannin, kuma ƙa'idarta in an gama a dawo gida shekara 2 sai in an samu sassauci. Ki faɗa masa haka yadda yake, kar ki yi alƙawarin da baki da iko a kai.

Sai kakarki ta wajen uwa, ita addu'arta kike nema, ko bata gane mene ne Step ba.

Na uku, kuma shi ne wanda baki ambata ba a saƙonki ina lura, yaron da ya kawo kuɗin gaisuwa. Uwata wannan ba a ɓoye masa ko kwana ɗaya. Horon likitan ciki kaɗai shekara 3 ne, tiyata 5, kuma gurbin da Match ya ba ki ba a cewa a'a don garin bai yi wa miji ba, kin riga kin sa hannu zaki karɓa. In an sa rana aka sha biki sannan ya ji, danginsa za su ce an yaudare su kuma suna da gaskiya. Ki faɗa masa ke da shi tukuna, in ya amince shi zai sanar da magabatansa su zauna da baffanki, ba ke zaki je gaban iyayensa da maganar ba. In kuma bai amince ba gara ki sani yanzu tun baki fara zuba daloli ba, don kuɗin nan ba kaɗan bane ga canji yadda yake.

Sauran dangi, na Bukuru da na Rikkos da na Bauchi Road, ba ƙarya zaki yi musu ba. Wanda ya ce ya aiki ki ce alhamdulillahi ana ta ƙarin karatu, a sa mu a addu'a, shikenan. Ai lokacin da kika dawo kina shirin jarrabawar MDCN, hukumar likitocin Najeriya, haka muka yi, sai da lasisi ya fito kika fara aikin haus ofisa sannan aka yi sadaka, babu wanda ya yi fushi.

In Allah ya nufa Maris ɗin ya yi kyau biza ta fito, tsakanin nan da Yuni ni da kaina zan riƙe hannunki mu bi gida gida, daga manya zuwa ƙasa, ba a tsallake kowa ko da wanda ba kwa shiri ne, a nemi gafara a sha addu'a. Tsofaffi za su kwance bakin zani su ba ki ɗari biyu ko ɗari biyar, ki karɓa da hannu biyu, kar ki ce a barshi don kina likita. Za a haɗa miki kuka da daddawa da yaji, kilishi dai ki bar mana shi a nan don ba a shiga da nama Amurka.

Ki turo min ranar da zaki shigo in sanar da baffanki ya zauna a gida, kuma ki taho da rigar sanyi, Jos ta fara. Ki gaida mamanki, ki ce mata zan kira ta bayan la'asar.