Tambaya da Amsa: Hutun Minti Biyar Yana Cinye Mini Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a, kuma jarrabawa ta ƙarato. Wata ƙawata ta ba ni shawara in riƙa karatu na minti 25 sannan in huta na minti 5. Na gwada har kwana uku, amma da zarar lokacin hutu ya yi sai in ɗauki waya, kafin in ankara rabin awa ta wuce. Shin dabarar ce ba ta karɓe ni ba, ko kuwa akwai inda nake kuskure?

Wata ɗaliba, daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Dabarar da ƙawarki ta nuna miki sunanta Pomodoro, wato tumatir da harshen Italiya. Wani ɗan ƙasar mai suna Francesco Cirillo ne ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yana ɗalibin jami'a yana fama da irin damuwarki, kuma sunan ya samo asali ne daga wani ƙaramin agogon ɗakin girki mai siffar tumatir da yake murɗawa don auna zamansa. Ki lura da wannan agogo da kyau, domin aikinsa bai wuce ya ƙirga mintoci ya buga ƙararrawa ba. Ke kuwa, bisa ga dukkan alamu, wayar da ke auna miki lokaci ita ce take sace miki shi.

Saboda haka ba na ganin dabarar ce ta ƙi ki, hutun ne kika bai wa aikin da ba nasa ba. An ware minti biyar ɗin ne domin ido da ƙwaƙwalwa su sarara, alhali kuwa WhatsApp da TikTok sabon lodi suke ɗora musu, kuma an tsara irin waɗannan manhajoji ta yadda kowane saƙo ko bidiyo zai ja ki zuwa na bayansa. Idan ƙararrawa ta buga, ki miƙe tsaye, ki sha ruwa, ki wanke fuska, ki taka zuwa bakin ƙofa ki dawo. Wayar kuma ki bar ta cikin jaka ko ki ba ƙawarki ajiya, ki nemi agogon hannu ko na tebur ya riƙe miki lokaci.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta Cirillo da mutane da yawa suke tsallakewa, wadda a ganina ita ce ginshiƙin abin: ba a raba zama ɗaya gida biyu, kuma zaman da aka katse ba a lissafa shi. Idan kina tsakiyar karatu kika tuna ba ki kira mahaifiyarki ba ko ba ki sayi sabulu ba, ki rubuta shi a gefen takarda ki ci gaba. Idan abokiyar ɗaki ta shigo da hira, ki gaya mata cikin mutunci cewa kina tafe nan da minti goma, sannan ki cika alkawarin, don gobe ma ta yarda ta jira ki.

Kafin ki zauna, ki yanke abin da za ki yi takamaimai, kamar shafi shida na babi kaza ko tsofaffin tambayoyi biyar, domin mai cewa “zan yi karatu” kawai yakan ƙarar da zamansa wajen juya littattafai. Bayan zama huɗu a jere, wanda duka da gajerun hutun bai cika awa biyu ba, sai ki yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Ina ba ki shawara ki daidaita shi da lokacin sallah: ki fara bayan Azahar, ta yadda La'asar za ta riske ki kina dab da kammalawa, alwala da sallah su zama hutunki, sannan ki duba wayar in kina so.

Idan minti 25 ya yi miki nauyi a farko, ki fara da 15 na tsawon mako guda kafin ki ƙara. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.