Buhu 250 tsakanin mutum takwas: nawa ne ya yi saura?

Wani ɗan'uwa daga Argungu ya turo min saƙo, ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam barka da aiki, mu takwas ne munka haɗa kuɗi daidai wa daida munka sayi shinkafa shanshera (wadda ba a cashe ba) buhu 250, da za mu raba na danna kalkuleta ta waya ta ba ni 31.25, sai ƙanena ya ce kowa buhu 31 ke nan saura 25, mun ƙirga mun sake ƙirgawa ba mu ga 25 ba, har an fara kallon mai tsaron sito. Don Allah mi ya faru?"

To Alhaji, da farko dai ku je ku ba mai sito haƙuri don ba abin da ya ɓace. Ɗauki 31 ɗin nan ka ninka sau 8, zai ba ka 248, cire shi daga 250, saura 2. Buhu biyu ne ragowarku ba 25 ba. Ita .25 da waya ta nuna maka ba ƙirgar buhu take ba, tana ce maka ne in an farke buhu biyun nan an raba muku ku takwas kowa zai tashi da kwatan buhu, wato rubu'i. In kana son tabbatarwa ninka 0.25 sau 8 ka gani, 2 za ta fito.

Na san inda ruɗun ya samo asali, kuma ban ga laifin ƙanen naka sosai ba. Tun 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira, kobo 100 ne naira ɗaya, shi ya sa in ka ga 31.25 a lissafin kuɗi to lallai naira 31 ne da kobo 25, ido ya saba da haka. Amma buhu ba ya da kobo, kiret ɗin ƙwai ma 30 ne ba 100 ba, dozin 12 ne, saboda haka abin da ke bayan ɗigo ba lallai ne ya zama adadin kaya kai tsaye ba. Kuma ga wata hanya da za ka gane an yi kuskure ko ba waya a hannunka: ragowa ba ta kai yawan masu rabo. Ku takwas ne, to saura ba zai wuce 7 ba har abada, don da 25 ne ya rage ai sai kowa ya ƙara ɗaukar uku uku a bar ɗaya.

Amma ni abin da ya fi damuna ba lissafin ba ne, shi ne ba ku yi maganar ragowa ba tun ran da kuka haɗa kuɗin. Irin wannan buhu biyun shi ne ake cewa a bar wa babba, ko a ce a aje sai an sake sari, daga nan sai maganar ta bi ruwa, bayan wata shida wani ya tuna ya fara ƙorafi a bayan ido alhali dukiyar mutum takwas ce kowa na da haƙƙi a ciki. Shawarata ku sayar da su, ku fitar da kuɗin ’yan dako da na sito daga ciki, abin da ya rage a raba takwas, yanzu da ake tiransifa ba ma sai an nemi canji ba. In kun fi son ku auna da kwano ku raba shinkafar ba laifi, sai dai awo yana da nashi surutun, wannan ya ce an cika wa wancan. In kuma yafewa za a yi to kowa ya furta da bakinsa, kar a ɗauki shiru a matsayin yarda.

Sannan ragowa ba hali ɗaya gare ta ba, ya danganta da abin da ake rabawa. A ce za ku kai kayan nan kamfanin casa a Birnin Kebbi kuma motar da kuka samu buhu 60 take ɗauka, 250 a raba 60 mota huɗu ne saura buhu 10, a nan ba ka da damar zubar da ragowa, ko dai mota ta biyar ko ka nemi wanda lodinsa bai cika ba ku yi haɗaka, don biyan shatar mota guda kan buhu goma cinye riba ne kawai. Wajen sari kuma cikakken adadin da ke ƙasa ake ɗauka, a ce kana da naira 500,000 buhu kuma a ce 38,000 (misali na bayar, ba farashin yau ba), waya za ta ce 13.15 da ɗoriya amma buhu 13 kuɗinka zai saya, 494,000 ke nan, saura 6,000. Wannan dubu shidan uwar kuɗi ce ba riba ba, kuma ita ce wadda ke zama kati da shayi da kuɗin kabu-kabu kafin a iso gida. Rubuta ta a littafi a ranar.

Ka nuna wa ƙanen naka da sauran abokan haɗin lissafin 31 sau 8 a takarda kowa ya gani da idonsa, kuma sari na gaba kafin a biya dillali ku zauna ku yanke yadda za a yi da abin da ya yi saura, a rubuta, mutum biyu su sa hannu.