Amsar Yaya kan Gidan Zane a Landan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yaya, sai yanzu na saurari saƙonka, ɗazu ina wurin aiki. Ka ce idan kun zo bikin yaye su Ummi kuna da rabin yini a Landan, kuna son ganin zanen Turawan da, ko National Gallery za ku nufa?

To ni dai tunda da Hajiya za ku, kada ka kai ta can. Kyauta ne, gaskiya, amma zane ya haura 2,000, ga cinkoso. Kafin ku gama ɗaki goma ƙafa ta kumbura, ku fito ba ku riƙe komai ba. Ku tafi Dulwich Picture Gallery, a kudancin Landan. Mutanen can "Dalic" suke cewa, kada ka sha wahalar tambaya. Jirgin ƙasa daga tashar Victoria zuwa West Dulwich, kamar minti 15, sai ɗan tattaki. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ba sa buɗewa ranar Litinin.

Labarin wurin ma, kai da kake ɗan kasuwa, zai ba ka dariya. Wasu dillalai biyu ne, Desenfans da Bourgeois, sarkin Poland ya ba su sautu a 1790 su tara masa zane. Shekara biyar suna saye. Kwatsam a 1795 maƙwabta suka raba ƙasar, sarki ya sauka, kaya ya yi kwantai a hannunsu! Da Bourgeois ya mutu a 1811 sai ya bar wa makarantar Dulwich wasiyyar kayan, aka buɗe wa jama'a a 1817. Kuma fa kaburburansu, su biyu da matar Desenfans, suna nan cikin ginin, a wani ɗan ɗaki mai haske ruwan zuma. Ka gaya wa Hajiya tun a hanya, kada ta yi kiciɓis da su.

Amma abin da ya sa nake komawa, zanen wata yarinya ne da Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holland, ya yi a 1645. Ta jingina da gwiwar hannu a bakin taga, farar riga, kumatu ja-ja, bayanta duhu. Daga nesa kamar ta ji sallama ta leƙo. Ka matsa kusa, sai ka ga hannun rigar nan fenti ne kawai aka shafa da kauri, har sawun burushi kana gani. Ka ja baya taku uku, ya sake zama yadi. Wallahi na fi minti 20 ina gaba ina baya, har mai gadi ya fara murmushi. Hasken kuma daga rufi yake saukowa, haka John Soane ya tsara ginin.

Akwai wani ɗan ƙaramin zanen Rembrandt ɗin, na wani mutum Jacob de Gheyn, bai fi girman faranti ba. Sau huɗu ana sace shi, har a tashar jirgi a Jamus an taɓa tsinto shi.

Af, na kusa mantawa. Akwai zanen tsiraici nan da can, na tatsuniyoyin Girkawa, don haka ka riƙa yin gaba kana leƙa ɗaki kafin Hajiya ta shiga. Awa biyu ta ishe ku, sai ku sha shayi a lambu. A gaida min ita, ka turo min ranar saukarku.