Amsoshin Tambayoyinku: Kiwon Kifin Faɗa a Tankin Gilashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na saya wa ɗana wani jan kifi mai dogayen fika-fikai da ake kira beta ko kifin faɗa, mai shagon ya ce zai rayu lafiya a cikin 'yar kwalbar da ya haɗa mini da ita. Yanzu gefen jelarsa ya yi baƙi yana zaizayewa, kuma ya rage cin abinci. Me ke damunsa?
Daga wata uwa a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da ruɓewar fika-fikai, cutar da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, kuma kusan kullum ƙazantar ruwa ce ke buɗe mata ƙofa. Asalin wannan kifi, mai suna Betta splendens a kimiyance, ƙasar Tailan ce da maƙwabtanta, inda yake zaune a fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi amma masu faɗi da yawan ciyayi, har ma a shekarar 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai wadda ke ba shi damar tasowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye, kuma da wannan baiwa ce masu shaguna ke fakewa su ce kwalba ta ishe shi. Gaskiya ne ba zai shaƙe a cikinta ba, amma kashinsa da ragowar abinci suna rikiɗa su zama sinadarin amoniya, wanda ke taruwa da sauri a ruwa kaɗan, yana ƙona masa jiki ko da ruwan yana nan garau a ido.

Saboda haka maganin farko shi ne a sauya masa mazauni. Ki nemi tankin da ke cin aƙalla lita 20, wato kwatankwacin jarka guda ta 'yan ga-ruwa, mai murfi domin kifin yana tsalle, sannan a bar tazara tsakanin ruwa da murfin don ya samu iskar shaƙa. A sa masa matacin ruwa na soso mai tafiya a hankali, domin igiyar ruwa mai ƙarfi tana gajiyar da kifi mai irin waɗannan fika-fikai. Amfanin soson ya wuce tare datti: a jikinsa ne wasu bakteriya masu amfani ke zama su sarrafa amoniya ta koma sinadari mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Don haka ba a wanke soson da ruwan famfo, sai dai a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga tankin. Sabulu kuwa kada ya kusanci tankin ko kayansa.

Kafin ki samu tankin, ki riƙa sauya rabin ruwan kwalbar kullum. Bayan ya koma, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu sau biyu a mako har soson ya kafu, daga nan sau ɗaya ya wadatar. Idan ruwan famfo ne, akwai kulorin a cikinsa, sai a ɗiga maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagunan kifin ado, kuma sabon ruwan ya kasance ɗuminsa ɗaya da na tankin. Idan cutar ba ta yi nisa ba, tsaftar ruwa kaɗai takan tsayar da ita, za ki ga sabon gefe mai haske ya fara fitowa a jelar. In kuwa ruɓewar ta doshi jikinsa, to a tuntuɓi likitan dabbobi maimakon a yi ta zuba magunguna barkatai.

TAMBAYA: Malam, tun da hunturu ya shigo kifina beta ya kwanta a ƙasan tanki, kuma wasu fararen ɗige-ɗige sun feso masa. Ina mafita?
Daga wani ɗalibi a Jos

AMSA: Malam, wannan kifin ƙasa mai zafi ne, yana buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma daren hunturu a Jos yakan sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Sanyi yana rage masa kuzari da ƙarfin garkuwar jiki, shi ya sa cutar fararen ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta mai maƙalewa a fata ke kawowa, ta samu damarsa. Ka sayi ƙaramar hitar tanki mai ƙarfin wat 25 da ma'aunin zafi, ka ɗaga ɗumin sannu a hankali. Idan an ɗauke wuta, a lulluɓe tankin da bargo, ko a saka gorar ruwan ɗumi a rufe ta yi iyo a ciki. Akwai maganin wannan cuta a shagunan kifi, sai dai yana kashe ƙwayar ne kawai lokacin da ta bar jikin kifin tana yawo a ruwa, don haka dole a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar ko da ɗige-ɗigen sun ɓace. Da bazara kuma a nisanta tankin daga taga, kuma a kowane lokaci kada a fesa maganin sauro a ɗakin ba tare da an rufe tankin ruf an kashe injin da ke hura iska cikin ruwansa ba, domin wannan feshi guba ne mai saurin kashe kifi.

TAMBAYA: Zan iya haɗa kifin beta guda biyu don su ɗebe wa juna kewa? Kuma me ya kamata in ciyar da su?
Daga wata mai karatu a Maraɗi

AMSA: Malama, maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, za su yi ta yagar juna, wani lokaci har ɗaya ya mutu, kuma malamai sun hana haɗa dabbobi faɗa don nishaɗi. Namiji da tamata ma masu kiwo kan haɗa su ne na ɗan lokaci don hayayyafa, domin da zarar ta saki ƙwai namijin yakan kwashe su zuwa sheƙar kumfa da ya yi a saman ruwa, sannan ya fatattake ta. Kifin ba ya jin kaɗaici, ciyayi masu taushi da wurin ɓuya sun fi masa amfani.

Abincinsa na asali ƙwari ne da tsutsar sauro, don haka burodi ko garin masara ba su dace da shi ba. A ba shi ƙwayoyin abincin da aka yi musamman dominsa, uku ko huɗu, safe da yamma, a kwashe duk abin da ya bari. Idan cikinsa ya kumbura ko ya kasa daidaita iyo, a dakatar da abincin kwana ɗaya ko biyu kafin a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan.