Ciwon ƙoƙon gwiwa: na'ura zan saya ko likitan fisiyo zan gani?

"Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 34. Wata huɗu ke nan gwiwata ta dama tana ciwo ta gaba, a kewayen ƙoƙon. Ban faɗi ba, ban bugu ba. In ina saukowa daga bene, ko na tsuguna wanki, ko na daɗe zaune a mota, sai ta ɗauka. Na yi hoton ƙashi, an ce ba komai. Yanzu na ga tallar wata na'ura a Facebook mai ɗumama gwiwa da tausa, kuɗinta ya kusa sulusin albashina. Ita zan saya, ko in kai kuɗin wajen gashin ƙashi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya. Ki riƙe kuɗinki, kada ki sayi na'urar nan. Ɗumi yana da daɗi, yana kuma lafar da ciwo na ɗan lokaci, amma tsumma da ruwan ɗumi ma suna yin wannan aikin kyauta.

Sai an duba ki da hannu za a tabbatar, amma alamomin da kika lissafa su ne na ciwon ƙoƙon gwiwa, wanda ya fi addabar matasa da mata. Ƙoƙon nan yana zaune ne cikin jijiyar manyan tsokokin gaban cinya. Duk sanda kika lanƙwasa ƙafa ko kika miƙe ta, yana zamewa cikin wani kwarmi da ke ƙarshen ƙashin cinya. A tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, matsin da ke kansa kusan rabin nauyin jikinki ne. A matakala yakan kai ninki uku. A tsuguno har ƙasa yana iya kai ninki bakwai. Shi ya sa bene da wanki ne ke tayar miki da shi, shi ya sa kuma hoto bai nuna komai ba. Ƙashin lafiya lau yake, aiki ne ya fi ƙarfin gaɓar a halin da take ciki yanzu.

Sunan "gashin ƙashi" da muke kiran aikin likitan fisiyo da shi yana yawan ɓatar da mutanenmu, kuma abin yana damuna. Mutum ya je yana sa ran a kwantar da shi, a haska masa fitila, a manna masa wayoyi, ya tashi ya tafi gida. A 2019 likitocin fisiyo na Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan wannan ciwo suka fitar da ƙa'idoji. Abin da suka sa a gaba shi ne atisayen da ke ƙarfafa tsokokin ƙugu da na cinya tare, kuma suka ce kada a dogara da na'urorin lantarki da makamantansu. Don haka idan kin je, aka gasa ki kawai ba a sa ki motsi ba, ki buɗe baki ki ce a koya miki atisaye.

Kafin ki je ma, ga abin da nake so ki gwada yau. Ki hau matakala ta ƙasa ko bulo ɗaya da ƙafar da ke ciwo, a gaban madubi, ko ki ba wani yaro waya ya ɗauke ki. Ki sauke ɗaya ƙafar a hankali har dunduniya ta taɓa ƙasa, ki koma. Sai ki kalla. Gwiwar tana karkatowa ciki, wajen 'yar'uwarta? Ƙugun ɗaya gefen yana zubewa ƙasa? A wajen mutane da dama amsar e ce, kuma ba su taɓa sani ba sai da suka gani da idonsu. Tsokokin gefen ɗuwawu ne ke riƙe cinya kada ta juya ciki, in sun yi sanyi gwiwa ce ke ɗaukar wahalar.

Sai ki sake, wannan karon hankalinki a jikinki, ba a madubi ba. Ina nauyinki ya sauka a tafin ƙafa? Ya kamata ki ji shi a dunduniya, da gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Kina riƙe numfashi? Kina ɗaure fuska tun kafin ciwon ya zo? Wanda ya yi watanni da ciwo yakan daina jin komai daga ƙafarsa in ba ciwon ba. Yana tsaye yana jingina kan mai lafiyar, yana tashi daga kujera da ita kaɗai, mai ciwon kuma tana ƙara rauni bai ankara ba. Rabin aikin likitan fisiyo mai kyau shi ne ya dawo miki da wannan lura, har ki riƙa gyara kanki a kan benen makaranta ba tare da madubi ba: gwiwa tana kallon yatsa na biyu, ƙugu a daidaice, sauka a hankali.

Atisayen ba su buƙatar kayan kanti. Ki kwanta ta gefe ki ɗaga ƙafar sama a miƙe. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki ɗaga ƙugu. Ki zauna ki tashi daga kujera ba dafawa, nauyi daidai a kan ƙafafu biyu. In kina son roba mai ja, tsohon tub na keke ya isa: ki ɗaura a saman gwiwoyi ki yi tafiya ta gefe. Kwana uku a mako. Ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin bai wuce 3 cikin 10 ba (in kin ɗauki 10 a matsayin ciwo mafi tsanani), kuma ya lafa kafin washegari. In ya kwana ya tashi da ke, kin yi yawa, ki rage. Ki ba shi mako 6 zuwa 12, don tsoka ba ta ginuwa a sati guda.

Wankin kuma, ki ɗora baho a kan benci ki yi a tsaye na wasu makonni. Asibitin Koyarwa na Shika yana da sashen fisiyo, ga shi kusa da ke. In asibitin kuɗi za ki, ki tambaya ko mai duba ki yana da rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin fisiyo rajista a Najeriya. Zuwa uku ko huɗu da aikin gida na gaskiya sun fi zuwa ashirin na kwanciya ƙarƙashin fitila.

"Ina shirin shiga soja ne, daga Gusau. Na fara gudun kilomita 10 kullum, sati uku ke nan, yanzu gwiwoyina biyu suna ciwo ta gaba, har da ƙara. Safar gwiwa zan saya, ko filasta, ko sabon takalmi?"

Ɗan'uwa, abin da ya jawo maka yana cikin wasiƙarka: daga zama sai kilomita 10 kullum. Ka rage nisan zuwa inda ba ya tayar da ciwon, ka riƙa tsallake rana, ka bar gangara tukuna. Ka gajarta taku, ka ƙara yawansa da kamar kashi 10 cikin 100, domin dogon taku yana ƙara wa ƙoƙon matsi. Ƙarar kuwa kada ta tsorata ka, gwiwoyi da yawa masu lafiya suna yin ta.

Safar gwiwa ba na ba ka shawarar saye, ƙa'idojin nan na 2019 ma ba su goyi bayanta ba. Filasta tana da amfani idan ƙwararre ne ya nuna maka yadda ake manna ta. Jenny McConnell, likitar fisiyo 'yar Ostireliya, ita ta fito da hanyar a 1986, kuma ana amfani da ita na kamar mako huɗu domin ciwo ya ragu a samu damar atisaye. Shimfiɗar cikin takalmi ta kanti tana taimakon wasu na mako shida ko ƙasa da haka. Ka sa ta a shagon, ka ɗan tsuguna. In ba ka ji sauƙi nan take ba, ka ajiye musu abarsu. Takalmi, in naka bai cinye ta gefe ɗaya ba, ya isa. Atisayen da na ba Malama kai ma naka ne.

"Mahaifiyata, shekararta 58, gwiwa tana hana ta sujada da zaman tahiya. Kullum sai ta sha diclofenac daga kemis. An ce in saya mata glucosamine, wai maganin gaɓɓai, ga shi da tsada."

'Yar'uwa, a gaishe min da Hajiya. Abin da ya fi ɗaga min hankali a nan shi ne diclofenac na kullum. Yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Ki kai ta likita ya duba ta, ya ce ko na shafawa zai wadatar. A shekarunta yana iya zama amosanin gaɓɓai, kuma ko a nan hujjar amfanin glucosamine ba ta da ƙarfi.

Kuɗin ki saya mata kujera mai ƙwari ta salla, da darduma mai kauri, da mazaunin da ake ɗorawa a kan masai na tsuguno. Addini ya sauƙaƙa wa wanda ya kasa ya yi salla a zaune, malamin unguwa zai nuna mata yadda ake yi. Sai dai kada kujerar ta zama wurin wuni. Ta riƙa tafiya kullum, tana zama da tashi sau goma safe da yamma, hannunki a kusa.

"Ɗana mai shekara 13 yana ɗingishi, ya ce gwiwa ce. Bandeji zan saya ko in kai shi wajen mai ɗori?"

Ko ɗaya, Maman yaro. Asibiti za ki kai shi ba tare da jinkiri ba, ki ce a duba ƙugunsa tare da gwiwar, kafin nan kuma ya bar ƙwallo da guje-guje. A wannan shekarun matsalar kan ƙashin cinya takan fito a matsayin ciwon gwiwa, musamman ga yaro mai jiki ko mai sikila, kuma jan ƙafa ko murɗa ta yana iya ƙara ɓarna. In gwiwar ta kumbura, ta yi zafi, ko akwai zazzaɓi, ko ya kasa taka ƙafar, yau ɗin nan za ku tafi.